Tumbin maigidana sai ƙaruwa yake, ni kaɗai na san dalili

Assalamu alaikum Anti. Don Allah a sakaya sunana. Shekararmu 14 da aure, 'ya'yanmu huɗu, muna zaune a Kaduna. Maigidana yana da shekara 45, mutumin kirki ne, bai rage mu da komai ba. Tun da ya shiga harkar kwangila ya haɗu da wasu abokai ya fara shan giya. Yawancin dare sai ya biya wajensu. Da bakinsa ya ce min manyan kwalabe uku yake sha, su haɗa da tsire ko farfesu, sannan ya dawo ya ci tuwon da na ajiye masa ya kwanta. Da azumi yana dainawa gaba ɗaya, bayan salla ya koma. Yanzu nauyinsa ya kai kilo 104, ga tumbi, ga minshari. Watan jiya aka yi masa hoton ciki, likita ya ce hantarsa ta tara kitse, jininsa ya hau, sugansa ma yana bakin iyaka. Likitan ya tambaye shi ko yana shan giya ya ce a'a, ina zaune a wajen. Na rage mai da magi, na daina soye-soye, amma shiru. Da na yi magana sai ya nuna min wani rubutu a waya, wai bincike ya ce giya kaɗan tana gyara zuciya. Hajiyarsa kuma ta ce ina horar mata da ɗa da yunwa, wai tumbi ai hutu ne. Wata ƙawata ta ce akwai garin magani da ake barbaɗawa a abinci a ɓoye ya sa mutum ya tsani giya, da kuma shayin rage tumbi. In saya? In faɗa wa Hajiya gaskiya ko in ci gaba da rufa masa asiri? Ina tsoron in rasa shi, ina kuma tsoron in tona shi aurena ya mutu.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, Allah ya yaye miki wannan damuwa, ya ba maigida lafiya. Kin daɗe kina ɗauke da kayan nan ke kaɗai, kina girki da lissafi, kina shan faɗan suruka a kan laifin da ba naki ba, kuma duk da haka kalmar farko da kika faɗa a kansa ita ce mutumin kirki ne. Wannan ya nuna min akwai abin da za a gina a kai.

Bari in fara cire miki wani nauyi. Ba tukunyarki ce ta kawo tumbin nan ba, kuma ba ita kaɗai za ta sauke shi ba. Ki duba lissafin. Ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi da kalori. Giram ɗaya na shinkafa ko sukari, wato sinadarin da ke cikinsu, yana ba da kalori 4, na mai yana ba da 9, na barasa zalla kuma 7. Kin ga barasa ta fi kusa da mai. Babbar kwalbar giya irin wadda ake sayarwa a Najeriya, mai santilita 60, tana ɗauke da kalori wajen 250. Uku sun zama 750 a dare guda. In ya sha dare biyar a mako, ya zuba wa jikinsa kusan 3,750, alhali abin da namiji baligi ke buƙata a yini bai wuce wajen 2,500 ba. Abincin yini ɗaya da rabi ke nan a kowane mako, ba a sa tsire da farfesu a lissafi ba, ba a sa tuwonki na tsakar dare ba. Cokali biyu na man gyaɗa da kika janye daga miya, kalori 240 ne ko kusa da haka, kuma gidan gaba ɗaya ke raba miyar. Ta ina za su kamo?

Abin bai tsaya a yawan kalori ba. Jiki ba shi da wurin ajiye barasa, don haka da ta shiga sai hanta ta ajiye sauran aikinta ta fara da ita. Wasu masu bincike a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan sun auna wannan a 1992, suka ga idan mutum ya sha barasa ƙona kitsen da jikinsa ke yi yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Man tsiren da ya ci a kan giyar, ajiya za shi. Sannan abin sha ba ya ƙosarwa yadda abin taunawa ke yi, barasa ma buɗe ciki take ƙara yi, shi ya sa yake iya dawowa ya share kwanon tuwo bayan ya ci nama a waje. Zan faɗa miki gaskiya, a kan masu ɗan kurɓa kaɗan binciken masana bai haɗu a kan magana ɗaya ba game da ƙiba, wasu sun ga ƙari, wasu ba su gani ba. Amma a kan mai sha da yawa a zama ɗaya, dare bayan dare, sakamakon ya fi karkata ga ƙaruwar nauyi da faɗin ƙugu. Maigidanki a nan yake.

Rubutun da ya nuna miki a waya ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Shekaru da dama ana yaɗa cewa masu shan kaɗan sun fi waɗanda ba sa sha tsawon rai. Daga baya aka gano inda gizo ke saƙar: a yawancin waɗancan binciken, rukunin “marasa sha” ya haɗa da mutanen da suka daina sha saboda ciwo ya riga ya kama su. Da aka gwada mai ɗan sha da marar lafiya, dole mai sha ya fito da kyan gani. A 2023 aka tattara bincike 107 da suka shafi mutum sama da miliyan huɗu, aka gyara wannan kuskure, sai amfanin da ake ta faɗa ya ɓace. A farkon 2023 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma tun 1988 cibiyarta ta binciken ciwon daji ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa ciwon daji. Ko da ma tsohon zancen ya tabbata, kofi ɗaya suke nufi, ba manyan kwalabe uku ba, kuma ba ga mai kitse a hanta da hawan jini ba. Ina zargin shi ma ya san haka. Wanda ya tabbata abin da yake sha magani ne ba zai ɓoye wa likita ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne hantar. Ƙiba kaɗai tana tara wa hanta kitse, giya kaɗai ma tana yi, in suka haɗu kuwa ɓarnar ba tarawa take ba, ninkawa take. Wani bincike da aka buga a 2010, wanda ya bi maza sama da 9,000 a yankin Sukotland na Birtaniya tsawon shekaru, ya nuna cewa mai ƙiba sosai da ke shan abin da ya kai kimanin manyan kwalabe biyar a mako, haɗarin mutuwarsa ta ciwon hanta ya kusa ninki 19 na marar ƙiba da ba ya sha. Biyar a mako fa. Ban kawo wannan don in firgita ki ba, sai don ki san wannan ba maganar kyan jiki ko rigar da ta daina shiga ba ce. Labari mai daɗi shi ne matakin kitse mataki ne da hanta ke iya warkewa. In aka bar giya kitsen yakan fara janyewa cikin makonni, in aka rage kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi kuma sai ta ƙara samun sauƙi. A wajensa kilo 7 zuwa 10 ke nan. Amma in aka bari ta kai ga ƙanƙancewa da tabo, gyara ya yi wuya.

Sugan ma haka. A wani babban gwaji da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 masu suga a bakin iyaka kamar nasa. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da waɗanda aka ba ƙwayar magani. Minti 150 tafiyar rabin awa ce da sauri sau biyar a mako. Daga masallaci bayan sallar asuba a zagaya unguwa, an gama.

Yanzu ga amsar tambayarki ta farko: kada ki sayi garin nan, kada ki sayi shayin. Ba ki san abin da ke ciki ba, mai sayarwar ma sau da yawa bai sani ba. Akwai magani na asibiti da ke sa mai shan giya ya ji jiri da amai da bugun zuciya in ya sha, amma likita ba ya ba da shi sai da sanin mai shi da yardarsa, domin in mutum ya sha giya a kai bai sani ba, yana iya faɗuwa, musamman mai matsalar jini ko zuciya. Su kuma haɗe-haɗen rage tumbi, yawancinsu gudawa da fitsari suke sa wa, ruwa ya fita a ɗauka kitse ne, wasu kuma hantar da muke neman ceto suke ƙara wa aiki. Ban da wannan, ki tuna yadda ake fassara mace da aka kama tana barbaɗa wa miji abu a abinci. Ranar da ya gani, ko wani a dangi ya ji, babu mai tsayawa sauraron niyyarki, kuma maganar giyar ma za ta bi ruwa.

Hanyar da nake ganin ta fi ita ce ku koma wajen likitan, wannan karon a faɗi gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitan da aka ce masa ba a sha zai yi ta lalube ne, zai iya rubuta maganin da bai dace da mai shan giya ba. Ki samu maigida a lokacin da yake garau, ba da dare in ya dawo ba, ba kuma a gaban yara ba. Safiyar ranar hutu bayan karin kumallo ta fi. Kada ki fara da haramci. Musulmi ne mai azumi, ya san hukuncin tun yana yaro, kuma kunyar da yake ji ce ta sa ya yi wa likita ƙarya. In kika buɗe da wa'azi zai rufe ƙofa. Ki buɗe da tsoronki. Ki ce masa, “Baban yara, tun ranar da likita ya yi maganar hantarka ban yi barcin kirki ba. Ban faɗa wa kowa ba. Abu ɗaya nake roƙo, mu koma ka gaya masa abin da kake sha, in ka fi so in tsaya a waje sai in tsaya.” Roƙo ɗaya tak, wanda zai iya cikawa a mako guda. Kada ki nemi ya rantse miki ya daina har abada, irin wannan rantsuwar ta dare ɗaya ce, in ta karye kuma sai ƙarya ta biyo baya.

A wajen likita ku nemi gwajin jini na aikin hanta, da gwajin ciwon hanta nau'in B da C. Nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, mutane da dama suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma in yana nan ga giya ga kitse, lissafin ya canza. A yi gwajin suga na wata uku da na kitsen jini. Ki ambaci minsharin ma, musamman in kina jin numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci sannan ya farka a firgice, domin wannan ciwo ne mai zaman kansa da ke tayar da jini, kuma giya na ƙara shi.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ki riƙe. Mutumin da jikinsa ya saba da giya kullum, yankewa farat ɗaya na iya zama haɗari: rawar hannu, zufa, rashin barci cikin yinin farko, wasu har farfaɗiya da ruɗewa a kwana na biyu ko na uku. Yadda yake ajiyewa da azumi alama ce mai kyau, amma ki tuna yadda yake kasancewa a kwanakin farko na Ramadan. In yana karkarwa ko zufa ko ganin abin da babu, ki faɗa wa likita, a tsara masa dainawar a ƙarƙashin kulawa. Kuna Kaduna, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana da sashen masu fama da shaye-shaye. Na san sunan wurin kaɗai yana korar mutane, to ba dole a fara daga can ba, likitansa na iya duba shi ya tura shi inda ya dace, kuma akwai magungunan rage sha'awar giya da ake zaɓa gwargwadon lafiyar hanta.

Azumin nan ya nuna min wani abu kuma. Wata guda cur yana iya zama babu giya, saboda a watan dare yana da abin yi, akwai buɗa-baki, akwai tarawihi, majalisar ma ta watse. Ke nan zaman ne ke jan sa, kuma a ganinsa a wajen ake samun labarin kwangila. Kada ki raina wannan, tsoron rasa hanyar abinci tsoro ne na gaske ga magidanci. Ku yi maganar a fili: wa zai iya gani da rana a ofis ko a waya, wane dare ne zai fara ajiyewa, me zai cike gurbin. Likita ma ya ba shi hujjar da babu abokin da zai ja da ita, hanta ta hana. In ya ci abincin dare a gida da wuri, bayan magariba, kafin ya fita ko'ina, kin rage tsiren waje kin kuma kashe tuwon sha biyun dare.

Ki kula da abin da zai maye gurbin kwalbar, kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Da yawa in sun bar giya sai su koma lemon kwalba da na malt. Robar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da sukari sama da giram 50, kusan ƙananan cokula 13, wanda ya kai iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya sha a yini gaba ɗaya. Ga mai suga a bakin iyaka wannan ba sauƙi ba ne. Ruwa, zoɓo da citta ba sukari ko da ɗan kaɗan, shayi ba madarar gwangwani, nono marar sukari, su ne abokan tafiya.

A kicin kuma ki sassauta wa kanki. Kada ki ware masa tukunyar marar lafiya, babu namijin da ke son a zuba masa abinci daban a gaban 'ya'yansa. Ki gyara ta gidan duka. Malmalar tuwo ta ragu, miya da ganye su ƙaru: kuka, kuɓewa, zogale, rama, alayyafo. Dawa, gero, acca da wake su riƙa karɓar farar shinkafa, taliya da burodi a wasu ranaku. Mai ki auna da cokali maimakon tuttulawa daga galan. Daddawa, citta, tafarnuwa da albasa za su rufe gurbin magin da kika rage, domin gishirin da ake so babba ya ci a yini bai kai ƙaramin cokali ɗaya cikakke ba, giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen. Nama ba a hana shi ba, a cire kitsen, a gasa ko a dafa. Don ganin ci gaba, ki samo zare ki auna tsayinsa, ki ninke zaren gida biyu, ki zagaya cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. Abin da ake nema shi ne bakin zaren su haɗu, wato ƙugu kada ya wuce rabin tsayi. Sau ɗaya a wata ya isa, kuma shi ya riƙe zaren, kada ki zama 'yar sandan cikinsa.

Sai maganar Hajiya. Ba maƙiyiyarki ba ce. Ta taso a zamanin da rama ke nufin yunwa ko ciwo, ƙiba kuma ke nufin ɗanta ya samu, kuma ba ta san abin da kika sani ba. Ba na ganin ki kai mata maganar giya yanzu. Uwa ce mai shekaru, abin zai buge ta, kuma akwai yiwuwar ta ƙaryata ki ta ce sharri ne, shi kuma ya ji kin ci amanarsa. Amma rabin gaskiyar da ba asiri ba ne hakkinta ne ta ji: likita ya ce jini ya hau, hanta ta yi kitse, an hana mai da zaƙi. Shi ya kamata ya faɗa mata da bakinsa, ki roƙe shi wannan, domin ba daidai ba ne ki rufa masa asiri shi kuma ya bar ki a bakin mahaifiyarsa. In ta ji daga ɗanta, mai yiwuwa ita za ta fi ki sa ido.

Rufin asirin kuma yana da iyaka, ki sanar da shi iyakar tun yanzu cikin ladabi, ba da sigar barazana ba. In wata guda ya wuce ya ƙi komawa asibiti, ki gaya masa za ki nemi taimakon mutum ɗaya, ki bar shi ya zaɓa: yayansa, kawunsa, amininsa na ƙuruciya ko malamin da yake jin nauyi, mai riƙe magana. Mutum ɗaya, ba taron dangi ba. Akwai kuma abubuwan da ba sa jiran wata guda. In idonsa ya yi rawaya, cikinsa ko ƙafafunsa suka kumbura, ya yi aman jini ko bayan gida baƙi, asibiti a ranar. In ya fara ɗaga miki hannu, ko kuɗin cefane da na makaranta suka fara tafiya can, ki sanar da manyanki ba tare da jinkiri ba. Kuma daga yau, ke da yara ba ku shiga motar da yake tuƙawa in ya sha, shi ma ki roƙe shi ya bar motar ya hau ta haya a irin wannan daren.

Zai iya dainawa ya koma, ya sake dainawa. Haka abin yake ga mutane da yawa, ba alamar kin gaza ba ce, kuma dainawar aikinsa ce, taki taimako ce da addu'a. Ke ma ki samu mutum ɗaya mai amana da za ki riƙa sauke wa zuciya, ki auna naki jinin in kun je asibitin, don wata da watanni kina kwana da fargaba. In kun ga likita, ki rubuto min abin da gwajin ya nuna da irin abincin da kuka saba ci a mako, mu zauna mu tsara wanda zai dace da aljihunku.